Jini a bayan gida: kafin a ce basir ne

Ɗigo uku ko huɗu na jini sun isa su rina ruwan masai ya koma ja wur. Shi ya sa wanda ya waiwaya ya ga haka a karon farko yakan ji gabansa ya yanke ya faɗi, ya ɗauka rabin jinin jikinsa ne ya tsiyaye. Bayan kwana biyu, da ya ga yana nan daram, sai tsoron ya rikiɗe ya zama ko-oho. Ya raɗa wa abin suna, ya ce basir ne, ya sayi man shafawa, ya ci gaba da harkar gabansa. Firgicin farkon ya yi yawa, amma ko-ohon da ya biyo baya ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba.

Hanyar abinci doguwa ce. Ta faro daga maƙogwaro, ta bi ta tumbi da ƙaramin hanji, ta shiga babban hanji mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, sannan ta ƙare a dubura. Ko'ina a wannan hanya na iya zubar da jini, ƙofar fita kuwa guda ɗaya ce. Don haka ganin jini a ƙofa bai nuna daga wane ɗaki ya taso ba, kuma duk maganin da aka fara kafin a gano ɗakin, laluben duhu ne.

Abin da launi ke faɗa

Likitan da ya san aikinsa ba ya gaggawar ɗaukar biro. Tambayoyi yake fara jerowa, irin waɗanda ke sa dattijo ya sunkuyar da kai.

"Baba, jinin ja ne ko baƙi?"

"Ja ne, likita."

"A kan bayan gidan yake kwance, ko ya gauraya da shi? Ko kuwa sai kun gama yake ɗiga?"

"Wallahi ɗana, ban tsaya na duba ba."

Amsa ce da likitoci suka saba ji, kuma babu laifin Baba, don ba wanda aka raina da al'adar tsayawa kallon abin da ya fitar. Sai dai rabin binciken yana cikin wannan kallon. Jini ja sabo, wanda ake gani wajen tsarki, ko a jikin tishu, ko yake ɗiga bayan an gama, galibi daga kusa yake: basir ko tsagewar bakin dubura. Wanda ya yi duhu, ya cakuɗe da bayan gidan, ko ya zo da gudaji ko majina, ya fi nuna babban hanji. Idan kuwa bayan gidan ya fito baƙi ƙirin, yana danƙo kamar kwalta, da wani irin ɗoyi da wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa, to jinin ya yi doguwar tafiya har ciki ya narkar da shi. Wannan yakan taso daga tumbi ko farkon ƙaramin hanji, mafi yawa saboda gyambon ciki, ko kuma daga kumburarrun jijiyoyin maƙogwaro ga mai tsohon ciwon hanta. Jini kaɗan ma, ƙasa da cikin ƙaramin kofi, ya isa ya baƙanta bayan gida haka.

Launi jagora ne kawai, yakan yi ƙarya. Gyambon ciki da ya ɓalle da ƙarfi na iya turo jini da saurin da zai fito ja, bai samu lokacin yin baƙi ba, kuma wannan na cikin mafi munin yanayi. A ɗaya gefen, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana baƙanta bayan gida ba tare da ko ɗigon jini ba, haka ma maganin ciki mai sinadarin bismut. Jan gwozan nan da ake kira bitrut yana rina shi ja. Shi ya sa ake tambayar me aka ci, me aka sha. Ɗaukar hoto da waya a nuna wa likita ba ƙazanta ba ce. Sau da yawa ya fi dogon bayani amfani.

Akwai yanayin da ba a jiran gari ya waye. Jini mai yawa da ya ƙi tsayawa, gudaji, baƙin bayan gida, aman jini, jiri idan an miƙe tsaye, bugun zuciya da sauri, zufa mai sanyi, suma, ko matsanancin ciwon ciki: kowanne daga ciki na nufin asibiti nan take, kuma wani ne zai tuƙa. Jinin jikin babban mutum kusan lita 5 ne, matashi mai ƙarfi kuma yakan rasa kaso mai tsoka jikinsa na ta rufa masa asiri, awon hawan jininsa na nuna lafiya lau, sai can ya zube lokaci guda. Ko gwajin yawan jini na farko yakan fito daidai, domin sai bayan wasu sa'o'i yake nuna ainihin asarar. A asibiti ana fara sa ƙarin ruwa, a ɗebi jini a gwada rukuninsa, a yi ƙarin jini idan ma'aunin himogulobin, wanda ke nuna yawan jini, ya sauka ƙasa da 7, ko 8 ga mai ciwon zuciya. Daga nan sai neman inda ke yoyo: a zura na'ura mai kyamara ta baki ko ta dubura, idan an ga wurin a ɗame shi da ɗan maƙalin ƙarfe, ko a ƙona shi, ko a yi masa allura. In ba a gani ba, akwai hoton CT na jijiyoyi, da toshe jijiyar ta ciki. Tiyata ita ce ta ƙarshe.

Wani abin lura a nan: an daɗe ana zaton allurar tsayar da jini ta tiranekzamik asid, wadda ke ceton rai a haɗarin mota da zubar jinin haihuwa, za ta yi aiki a nan ma. Babban gwajin HALT-IT da aka fitar a 2020, kan majinyata kusan 12,000, ya nuna ba ta rage mutuwa a zubar jinin hanyar abinci ba, sai ma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Kama da wane ba ta wane.

Basir ɗin kansa

Kowa an haife shi da kayan basir. A cikin dubura akwai wasu 'yan nama guda uku masu cike da jijiyoyin jini, kamar ƙananan filo, aikinsu su taimaka wajen rufe ƙofar ruf, kada iska ko ruwa su sulale. Cuta tana farawa ne idan suka kumbura suka zamo ƙasa, saboda yawan yunƙuri, taurin bayan gida, doguwar gudawa, juna biyu, ƙiba, ko daɗewa a zaune a masai. Wannan na ƙarshen waya ta ƙara masa ƙarfi. Mutum ya shiga don minti uku, ya ɓige da minti ashirin yana latse-latse, alhali duk tsawon lokacin nauyi na kan waɗannan jijiyoyi.

Likitoci sun kasa basir na ciki mataki huɗu. Na farko jini kawai yake yi, ba ya leƙowa. Na biyu yana leƙowa wajen yunƙuri ya koma da kansa. Na uku sai an sa yatsa an mayar da shi. Na huɗu ya fito ke nan, ba ya komawa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne basir na ciki ba ya zafi, domin wurin da yake tsirowa ba shi da jijiyoyin jin ciwo irin na fata. Wanda ke hana zama shi ne na waje idan jini ya daskare a cikinsa, ya zama ɗan ƙullutu mai tauri, launin shuɗi-shuɗi. Zafinsa yakan kai ƙololuwa cikin kwana biyu zuwa uku na farko; idan an je asibiti a wannan tsakanin ana iya tsaga shi a cire gudan, in an wuce haka galibi barinsa ake yi ya saɓe da kansa.

Maganin farko ba shi da armashi, shi ya sa ake raina shi. Manufarsa ɗaya ce: bayan gida ya yi laushi ya fita ba tare da kokawa ba. Ana son babban mutum ya riƙa samun giram 25 zuwa 30 a rana na abin da ake kira faiba, wato dusar da ke cikin ganyaye, 'ya'yan itace, wake da hatsin da ba a surfe tas ba. A ƙara shi a hankali, in ba haka ba kumburin ciki zai sa a yi watsi da shi a mako na farko. A sha ruwa sosai. A je ban ɗaki lokacin da ya matso, a tashi da an gama, in bai zo ba kada a tsaya ana nishi. Ɗora ƙafafu a kan 'yar kujera, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, yana miƙar da hanyar. Zama cikin ruwan ɗumi zalla na minti 10 zuwa 15 yana kwantar da raɗaɗi. Ba a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ko wani abu mai yaji, don ƙona fatar zai yi.

Man shafawa da ƙwayar cusawa suna rage ƙaiƙayi da kumburi, amma ba sa mayar da abin da ya zamo. Masu sinadarin sitiroyid kuwa ba a wuce mako guda ana shafa su, domin suna sirantar da fatar wurin. A ganina babbar illarsu ma ba ita ce wannan ba. Sauƙin da suke kawowa ne ke sa mutum ya ɗage zuwa asibiti wata bayan wata.

Idan gyaran ci da sha bai wadatar ba, sai a ɗaure basir ɗin. Likita na zura ɗan bututu, ya zuƙo naman, ya sakar masa ƙaramin zoben roba a gindi. Jini ya daina isa gare shi, ya bushe ya faɗi cikin kusan mako guda, sau da yawa mutum bai ma sani ba. Aikin mintuna ne, ba a sa barci, ana komawa gida a ranar, kuma tun shekarun 1960 ake yin sa. Akan ga ɗan jini lokacin da ya faɗi, wani lokaci har zuwa mako biyu; in ya yi yawa a koma. Akwai kuma allurar da ke motsar da jijiyar ta ƙanƙance, da ƙonawa da zafin haske. Manyan da suka kai mataki na uku da na huɗu su ake yankewa. Salon yankan da Milligan da Morgan suka bayyana a asibitin St Mark's na Landan a 1937 har yau ana amfani da shi, kuma shi ne wanda basir bai cika dawowa bayansa ba. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa majinyaci tun kafin a shiga ɗakin tiyata ita ce makonni biyu na farko akwai azaba, musamman bayan gidan farko.

Tsagewar dubura kuwa ba ta ɓuya. Mai ita zai ce maka kamar fasasshiyar kwalba yake fitarwa, raɗaɗin kuma ya ci gaba awa ɗaya ko biyu bayan ya fito, ga ɗan jan layi na jini a tishu. 'Yar tsaga ce da ba ta kai faɗin farce ba, amma tana da mugun zagaye: zafi ya sa tsokar da ke tsuke dubura ta ɗaure, ɗaurewar ta rage jinin da ke isa wurin, rauni ya ƙi warkewa, mutum ya riƙa riƙe bayan gida don tsoro, shi kuma ya ƙara tauri ya sake yaga wurin. Duk magungunanta wannan zagayen suke son karyawa. Sabuwa takan warke da laushin bayan gida da ruwan ɗumi. Wadda ta haura mako shida ana ba ta man da ke saki tsokar, na naitirogilisarin ko na diltiyazem, a shafa mako shida zuwa takwas. Na farkon yana yawan sa ciwon kai, abin da ke sa mutane su daina a tsakiya. In ya faskara akwai allurar Botox, wadda ita ma sakin tsokar take yi, sannan ƙaramar tiyata da ake ɗan tsaga tsokar, wadda ke warkar da fiye da 9 cikin 10, ko da yake wasu kaɗan kan samu matsalar riƙe iska bayanta.

Sauran dalilan zan bi ta kansu da sauri. Atini, wato gudawa da jini da majina da murɗa, ƙwayoyin cuta ne, amma ba iri ɗaya ba: na amiba yana jin Flagyl, na wasu bakteriya ba ya ji, akwai ma wani nau'in E. coli da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke iya ƙara masa haɗarin taɓa ƙoda. Gwajin bayan gida ne ke rabewa. Abu guda da aka yi ittifaƙi a kai: mai gudawar jini da zazzaɓi ba ya shan maganin tsayar da gudawa irin Imodium, ruwan gishiri da sukari ne abokinsa kafin ya ga likita. Taifod da aka bari ya daɗe yana iya zubar da jini a mako na uku. Tsutsar tsargiya mai zama a hanji tana yi, cututtukan saduwa ma suna yi. Ga matashin da ya shafe watanni yana gudawa da jini yana ramewa, ana tunanin kumburin hanji mai daɗewa irin cutar Crohn da 'yar'uwarta mai gyambunan babban hanji, waɗanda ake lallaɓawa da magani shekara da shekaru. Ga tsofaffi akwai 'yan aljihunan da ke fitowa a bangon babban hanji, masu ɓarkewa da jini mai yawa ba tare da ciwo ba. Mafi yawansu suna tsayawa da kansu, amma a gadon asibiti ake jiran tsayawar. Jariri kuma da ke tsala ihu lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu, yana amai, ya fitar da jini mai yauƙi haɗe da majina, ana jin tsoron hanjinsa ne ya shige cikin juna, kuma wannan na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba.

Kada a manta da abin da ke cikin aljihun majinyacin. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna cin bangon tumbi, ga shi mutane na haɗiyarsu kamar alewa saboda ciwon baya da gwiwa. Mai zubar jini da ke buƙatar maganin ciwo, farasitamol ya fi masa. Amma wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin wafarin, ko asfirin saboda zuciya, kada ya yanke shi da kansa. Ya kira likitan a ranar, domin dainawa kai tsaye na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Gyambon ciki kuma, tun da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce ke haddasa yawancinsa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005, ya zama abin da ake kashe tushensa da haɗin magunguna na kusan mako biyu.

Inda sawun giwa ke taka na raƙumi

Yanzu mu zo kan dalilin da ya sa na ce ko-oho ya fi firgici haɗari. Basir ya yi yawa a cikin mutane ta yadda idan aka duba mai kansar hanji, akwai kyakkyawan zaton a same shi da basir shi ma. Sai a ga basir, a ce an gano dalili, a ba da man shafawa, ƙarin da ke can sama da 'yan santimita yana ta girma abinsa. An bar jaki ana dukan taiki. Samun basir bai wanke kowa daga kansa ba, kuma yawan jinin ba ma'auni ba ne. Sau da yawa aljihun hanjin da ya cika masai da jini ya fi sauƙin sha'ani a kan ɗan jirwayen da ke zuwa yana ɓacewa tsawon wata shida.

Kansar babban hanji da dubura ita ce ta uku a yawa cikin kansoshin duniya, ta biyu kuma a kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin masu ita fiye da miliyan 1.9 a 2020, da mutuwar fiye da 930,000. An saba ɗaukarta cutar tsofaffi, amma tana ƙaruwa a cikin 'yan ƙasa da shekara 50, har Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021. Ɗan wasan Amurka Chadwick Boseman yana da shekara 43 ta kashe shi a 2020. Alamomin da ke sa a ɗaga gira su ne jinin da ya gauraya da bayan gida, sauyin yanayin fita da ya wuce 'yan makonni, jin kamar ba a gama ba bayan an gama, rama ba dalili, ƙarancin jini da kasala, da tarihin cutar ga uwa, uba ko ɗan'uwa na jini. Wanda ya haura 40 ya fara ganin jini, ko da babu ko ɗaya cikin waɗannan, ya cancanci a duba shi da kyau.

Dubawar ita mutane ke gudu, kuma na fahimci dalili. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga yadda take: mutum ya kwanta ta gefen hagu, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a lulluɓe shi sai wurin da za a duba. Likita ya sa safar hannu, ya shafa man santsi, ya fara dubawa da ido, sannan ya sa yatsa ɗaya. Bai fi minti guda ba. Majinyaci na da damar neman likita jinsinsa, ko a tsayar da ma'aikacin jinya a ɗakin. Yatsan nan na iya taɓo ƙarin da ke ƙasa-ƙasa, amma basir na ciki laushi gare shi, sai an sa ɗan gajeren bututu mai fitila ake ganinsa. Abin da ya wuce nan sai kolonoskofi, doguwar na'ura mai lanƙwasa da kyamara a baki, wadda ke bin babban hanji har ƙarshensa. Waɗanda aka yi wa sukan ce wahalar ba ta cikin aikin, tana daren jajibiri, lokacin da ake shan maganin wanke ciki ana zarya ban ɗaki. Aikin kansa kusan rabin awa ne, galibi da allurar da ke sa gyangyaɗi.

Ribar kolonoskofi ta wuce gani. Yawancin kansar hanji tana farawa ne da ɗan tsiro marar lahani a bangon hanji, wanda kan ɗauki kusan shekara goma kafin ya rikiɗe. Idan an gan shi, nan take ake zarga masa waya a tsinke shi, an kashe maganar tun ba ta zama magana ba. Ko ta riga ta zama kansa, wadda aka kama tana nan inda ta tsiro kusan 9 cikin 10 na masu ita suna haura shekara biyar a raye. Wadda ta bazu zuwa hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu, sau da yawa watannin da aka ɓata ana shafa mai ne.

Saboda haka Baban da muka bari a gaban likita, ko an ga basir an ɗaure masa, maganarsa ba ta ƙare ba. Idan bayan 'yan makonni jinin bai ɗauke ba, ko ya sauya launi, ko ya ɗauke ya dawo, sai ya koma. Wannan karon ya tsaya ya duba kafin ya taho, tambayar kuma daga bakinsa za ta fito:

"Likita, basir dai kun gani. To can sama da shi fa, an leƙa?"